Ruwa a Ƙarƙashin Mota: Yadda Za Ka Gane Na Lafiya da Na Ɓarna

Cikin watan Agustan bara, bayan sallar La'asar, maƙwabcina ya aiko yaro ya kira ni. Malamin makaranta ne, yana koyarwa a Sandamu, yana kwana cikin garin Daura, kuma bai cika wata guda da sayen wata Corolla 'yar Kwatano ba. Na tarar da shi durƙushe a gefen motar, hula a hannu, ya ce, "Malam, duba mini nan don Allah. Anya ba cutata aka yi ba?" Ruwa ne ya kwanta a kan siminti kamar faɗin faifai, wani kuma yana ci gaba da ɗiga daga can ciki, bayan tayar gaba ta hannun dama. Na sa yatsa na taɓa. Sanyi ƙalau, garai-garai, ba wari, ba santsi. Na tambaye shi ko da esi ya taho, ya ce tun daga makaranta bai kashe ba. Na ce masa ya tashi ya kaɗe gwiwarsa, motarsa lafiyarta lau.

Abin da ya sa ban ga laifin tashin hankalinsa ba, ni na taɓa yin akasin abin da ya yi. Wani watan Afrilu na fito da safe zan tafi Kano, na ga ɗan danshi a kan rairayi ƙarƙashin tsohuwar Golf ɗina, bai fi tafin hannu ba. Na ce a raina ai ruwan esi ne, na shiga na tayar. Na wuce Kazaure kaɗan allurar zafi ta miƙe, kafin in sami wurin tsayawa tururi ya turnuƙe gaban motar. Gasket ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe, motar ta yi kwana goma a gareji, kuɗin da na kashe kuwa ya ninka na tiyon da ya jawo abin sau da yawa. A ido, ruwan maƙwabcina da nawa ɗaya suke. Nasa ma ya fi nawa yawa nesa ba kusa ba. Yawan ruwan ba shi ne abin dubawa ba, inda ya fito shi ne magana.

Mu fara da na lafiyar. Duk wanda ya taɓa ciro robar zoɓo daga firij ranar da ake hadari ya ga yadda jikinta ke jiƙewa nan take. Ba zoɓon ne ya yoyo ba, laimar da ke cikin iska ce ta taɓa abu mai sanyi ta koma ruwa. Haka esi ke aiki. A bayan dashbod akwai wani ƙaramin abu mai siffar lagireto wanda gas ke sanyaya shi, iska tana ratsa shi kafin ta fito maka, laimar iskar kuma tana taruwa a jikinsa ta gangara cikin wani ɗan tiyo da ke leƙowa ƙarƙashin mota. A yawancin motocin da muke hawa, masu sitiyari a hagu, wannan tiyo yana wajen ƙafar wanda ke zaune kusa da direba, ko ya ɗan karkato tsakiya. Motoci masu esi na baya, irin Sienna da wasu bas-bas na Hiace, suna ɗigar da nasu ta baya ma, kusa da tayar baya, kada wannan ya firgita ka.

Amma a ƙasar Daura sai an haɗa da sanin lokaci, kuma nan ne na yi kuskure. Daga Yuli zuwa Satumba iska cike take da laima, esi zai zubar da ruwa har ya yi 'yar ƙorama a tsakar gida. Daga Disamba zuwa Maris kuwa, har cikin Afrilu, iskarmu busasshiya ce, wadda ke fasa leɓe da dugadugai, wadda ake shanya riga ta bushe kafin a gama wanke ta biyu. Esi ba ya samun abin tatsa a irin wannan iska sai ɗan kaɗan. Saboda haka idan ka ga ruwa ƙarƙashin motarka cikin hunturu ko farkon bazara, kada ka yi saurin ɗora wa esi. Haka kuma ruwan esi yana ɗiga ne lokacin da yake kunne da ɗan lokaci bayan an kashe mota. Motar da ta kwana a ajiye, ka tashi da asuba ka tarar tana ɗiga sabon ruwa, wannan ba esi ba ne.

Akwai wani na lafiyar kuma, na bakin salansa. Fetur idan ya ƙone yana haifar da ruwa, kusan lita ɗaya ta ruwa ga kowace lita ta fetur, sai dai yana fita ne a matsayin tururin da ido ba ya gani. Da sanyin safiyar Janairu, salansa tana da sanyi, tururin sai ya koma ruwa ya ɗiga, har ka ga ɗan farin hayaƙi. Da inji ya yi ɗumi sai ya ɗauke. Wanda bai ɗauke ba, farin hayaƙi mai kauri yana bin ka har bayan tafiyar rabin sa'a, ruwan lagireto kuma yana raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, wannan alamar gasket ne. Ciro sandar auna baƙin mai ka duba, ka kuma buɗe murfin zuba man. In ka ga ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga inda bai kamata ba, kada ka ƙara tayar da motar.

Sauran ƙananan ba sa buƙatar dogon bayani. Ruwan sama ko na wajen wankin mota yakan maƙale a cikin ƙofofi da ramin safaya a but, ya riƙa fita a hankali. Tankin ruwan wanke gilashi roba ne, rana tana busar da shi ya tsage, kuma da yake da yawanmu omo muke zubawa ciki, za ka ji ƙanshin sabulu ka ga kumfa kusa da fitilar gaba. Wannan ba zai kwantar da mota ba.

Yanzu ga inda hankali ya kamata ya tsaya. Idan ka saurari masu bayanin mota na Turai da Amurka, za su ce maka gane yoyon lagireto abu ne mai sauƙi, wai ka duba kala: kore, ko ja, ko shuɗi. Gaskiya suka faɗa a ƙasarsu, domin su kulan suke zubawa, wato ruwan sanyaya inji na musamman da ake rina shi. Na Toyota ja ne ko ruwan hoda, na Honda shuɗi, tsohon samfurin da aka saba da shi kore. Mu kuwa fa? Je tashar mota da safe ka tsaya wajen Golf da Sharon da ke lodin Katsina, ko Kano, ko Kwangwalam. Da buta ake cika lagireto, ko da ruwan leda, ko jarkar mai ruwa. Motar da aka shigo da ita da kulan ɗinta, ranar da aka fara kwance mata wani abu a gareji ake zubar da shi a ƙasa a maye gurbinsa da ruwan rijiya. Saboda haka yoyon lagireto a nan ba shi da kala. Farin ruwa ne kamar na esi, in ya yi yawa ya ɗan yi ja-ja na tsatsa. Wanda ya dogara da kala a Daura zai ƙone inji yana ganin ya bi ƙa'ida.

Ƙasarmu ma tana taimakawa wajen ɓoye abin. Mafi yawanmu ba a kan siminti muke ajiye mota ba, a kan rairayi ne, ƙofar gida ko gindin bedi. Rairayi kuwa yana shanye kofi guda na ruwa ya bar maka tabo kamar an tofa yawu, in rana ta fito ma babu shi babu alamarsa. Danshin da na raina a wancan Afrilun, Allah kaɗai ya san lita nawa ke ƙarƙashinsa.

Maganin wannan ba ya cin ko sisi. Nemi babban kwali, irin na taliya ko na sabulu, ka buɗe shi ka shimfiɗa ƙarƙashin gaban motar da daddare, ka danne gefensa da duwatsu saboda iska da awaki. Ranar da za ka yi gwajin, ka kashe esi tun kana hanyar dawowa gida, don kada ya rikita maka lissafi. Da safe, kafin ka janye kwalin, ka tsuguna ka ga daidai wane wuri ne ya jiƙe, ka ɗaga kai ka ga abin da ke samansa. Can gaba ƙarƙashin fitilu da bamba, lagireto ne ko tiyonsa na ƙasa. Ta gefen da bel-bel suke, famfon ruwa ne ake zargi. Can baya wajen da inji ya haɗu da jikin mota, tiyon hita ne. Sannan ka taɓa ka murza tsakanin yatsu, ka sansana. Ruwa zalla yana bushewa ya bar kwali ya yi kumburi, mai kuwa kowane iri ne yana barin tabo mai maiƙo da ba ya tafiya. Kada ka ɗanɗana da harshe, na ga masu yin haka, ba daidai ba ne.

Kwali shaida ne kawai, alƙalin shi ne matakin ruwan da ke cikin motar. Da sassafe, inji na da sanyi, buɗe bonet. A Corolla da Camry da Accord na da, akwai murfi a kan lagireto kansa, sannan ga ƙaramin tankin roba a gefe. Ka duba duka biyun, domin tankin gefe yana iya zama cike alhali lagireto ya yi ƙasa. Golf da Peugeot 406 ba su da murfi a kan lagireto, tankin robar nan shi ne komai, yana da layin sama da na ƙasa a jikinsa. Cika shi zuwa layi, ka sa alama da biro ko ɗan salatif, ka yi harkokinka, ka sake dubawa washegari da jibi a daidai wannan lokaci. Motar da ke da lafiya takan yi watanni ba ta nemi ƙari ba. Wannan magana tana ba direbobi da yawa mamaki, saboda sun ɗauka ƙara ruwa kowace safiya ɗabi'ar mota ce, kamar ba doki ruwa. Ba haka ba ne. Ruwan inji a rufe yake, zagayawa kawai yake yi. Ƙaramar mota duka-duka lita 5 zuwa 7 take ɗauka, in kana ƙara ledar ruwa biyu kullum, lita guda ke nan, cikin mako ka zubar da cikinta gaba ɗaya a hanya.

Wuraren da ruwan ke bi ya fita sanannu ne, kuma zafin ƙasarmu, da ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, yana gaggauta lalacewarsu. Lagireton motocin zamani ƙarfen alminiyon ne a tsakiya, roba a sama da ƙasa ko gefe da gefe, kuma a wajen haɗin nan yake fara tsatsafowa, ko robar ta yi siririn tsagu kusa da wuyan murfi. Tiyo yakan kumbura ko ya bushe ya tsage a bakin kilif. Matsa shi da hannu in inji ya huce, in ka ji ya yi laushi kamar dafaffen rogo ko ya yi tauri kamar ice, kwanansa ya ƙare. Famfon ruwa yana da wani ɗan rami a jikinsa da aka yi musamman don ya ɗiga in robar cikinsa ta mutu, sau da yawa da ƙara yake haɗawa. Masu Golf su lura da mahaɗar robar da ke gefen kan inji inda tiyo-tiyo ke haɗuwa, ta shahara da tsagewa. A jikin injin kansa akwai wasu marufan ƙarfe masu kamar kwabo, tsatsa tana huda su a motar da ta daɗe tana shan ruwan rijiya. Wani yoyon kuma ba ya fitowa sai inji ya yi zafi ruwa ya matsu, yana taɓa ƙarfe mai zafi ya ƙone, ba zai taɓa kaiwa kwali ba. Irin wannan ana gane shi da farin busasshen tabo kamar kanwa, ko jan layi na tsatsa a jikin ƙarfe.

Murfin lagireto ma abin dubawa ne, kuma shi aka fi rainawa. Za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1 a kansa. Aikinsa riƙe matsi ne, domin ruwan da ke cikin matsi ba ya tafasa a digiri 100, sai ya kai wajen 120. Murfin da robarsa ta mutu yana barin ruwa ya tafasa da wuri, ya tunkuɗo ta tankin gefe ya zuba ƙasa, musamman da zarar ka tsaya ka kashe mota bayan doguwar tafiya. Mutum sai ya sauya lagireto sukutum, alhali murfi ne kawai. Haka fankar da ta daina juyawa: a kan babbar hanya iska tana rufa mata asiri, sai ka shiga cunkoso, irin na ranar Lahadi a kasuwar Mai'aduwa ko na lokacin Sallar Gani a cikin gari, ka ga mota tana amai.

In abin ya same ka a hanya, allura ta tashi, kashe esi, ka sauka gefe, ka kashe inji. Buɗe bonet ka ba shi aƙalla rabin sa'a. Kada ka taɓa murfin nan yana da zafi, ko da tsumma. Na ga yaron mota da fatar hannunsa ta saluɓe tun daga wuyan hannu har gwiwa saboda maigidansa yana gaggawar fasinja, abin bai bar idona ba har yau. Kada kuma ka kwarara ruwan sanyi cikin injin da ya ƙafe yana huci, kan inji alminiyon ne, yana iya lanƙwashewa ko ya tsage. In ya huce, ƙara ruwa a hankali, ka lallaɓa zuwa gari mafi kusa idonka na kan allura. Tsakanin Daura da Katsina kimanin kilomita 80 ne, jarkar ruwa mai lita 4 a but ba ta tare wa kowa wuri.

Zan faɗi ra'ayina a kan dabarun bakin hanya, ko da wasu kanikawa ba za su ji daɗi ba. Ɗanyen ƙwai, garin barkono, sabulu, duk na ga ana zubawa cikin lagireto don toshe huda. Wani lokaci yana toshewa, ban musa ba. Amma abin da ya toshe huda shi ne zai toshe siraran hanyoyin lagireto, ka rabu da yoyo ka gamu da zafi. In dare ya yi maka a daji, yi abin da zai kai ka gida, washegari a kwance a wanke a gyara. Liƙa tsagaggiyar robar lagireto da gam shi ma na kwana biyu ne, robar da ta tsufa ta tsage a nan gobe can za ta tsage. In babu mai kyau a kusa, gara a aika Ƙofar Ruwa a Kano a sayo. Kuma in bakanike ya ce zai cire maka tamostat wai na ƙasar sanyi ne, ka ce masa, "Maigida, a fara nemo inda ruwan ke fita tukuna." Cire shi ba ya ɗinke huda.

Bayan an gyara, ina roƙon mai karatu ya koma kulan. Mutane suna cewa ai don ƙanƙara aka yi shi, mu kuwa ina muka ga ƙanƙara? Rabin aikinsa ke nan. Ɗaya rabin shi ne hana tsatsa da ɗaga matakin tafasa. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishirin ƙasa, duba cikin butar shayin da ta shekara a kan wuta ka ga farin dattin da ya manne mata, irinsa ne ke taruwa a lagireto. Tsatsar kuma ita ke cin fukafukan famfo da marufan nan masu kamar kwabo. Sayi wanda aka riga aka haɗa, ko ka haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ba mai asid ɗin ba. Kada ka gauraya kala biyu ba tare da sanin irinsu ba, kuma ka saya inda ka yarda da su, domin akwai ruwan da aka rina kawai aka ɗura a galan. Ƙarin riba, daga ranar nan yoyonka ya sami kala, kwali zai gaya maka gaskiya da kallo ɗaya.

Sai dai kulan guba ne, kuma yana da zaƙi. A gidajenmu da akuya da kaji da mage da yaro mai rarrafe duk tsakar gida ɗaya suke yawo, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kaɗan daga cikinsa yana lalata ƙoda. In ya zuba, a rufe shi da ƙasa a kwashe, galan ɗin kuma a ɗaga shi sama, kada a juye ragowar cikin robar lemo. In yaro ya sha, asibiti nan take, ko da ya nuna kamar lafiyarsa ƙalau.

Akwai abu guda da ke kama da ruwa wanda ya fi duk waɗannan haɗari, shi ne man birki. Sabonsa kusan fari ne, ya ɗan yi rawaya-rawaya, yana da santsi a yatsa. In ka ga jiƙa a cikin taya ta ciki, ko a ƙasa daidai ƙafar direba, duba ɗan tankinsa, ka taka birki ka ji ko yana nutsewa. In haka ne, motar ba ta fita ko nan da masallaci, bakanike ne zai zo ya same ta. Fetur kuwa hancinka zai gaya maka kafin idonka, kada a tayar, kada a kunna ashana kusa.

Maƙwabcin nawa ya sake aiko yaro a daminar bana. Wannan karon ƙorafinsa ya juye: motar ta daina ɗiga ko kaɗan, amma kafet ɗin gefen fasinja ya jiƙe sharkaf, cikin motar yana warin ruma, in ya sha kwana yana jin motsin ruwa a bayan dashbod. Na fara taɓa kafet ɗin na sansana, don in hita ce ta fashe ruwan zai zo da ɗumi da tsatsa, matakin lagireto kuma zai sauka. Mun duba, yana nan a kan layinsa. Sai muka kai ta kan rami a gareji, yaron gareji ya laluba ya kamo bakin tiyon esi, ya ce, "Baba, ai zanzaro ne ya yi gini a ciki." Motar ta yi makonni a ajiye lokacin hutun makaranta, ga ƙurar hunturu da ta riga ta taru. Ya zura siririyar waya a hankali ya juya, busasshiyar laka ta faɗo, ruwan da ya fi cikin kofin silba biyu ya biyo bayanta ya jiƙa masa hannun riga. Muka ciro kafet ɗin muka shanya a kan katanga, ya yi kwana biyu kafin ya bushe.